Atamfar Madugu Mijinyawa

Fagge, Kano
Farkon Rajab, 1413

Zuwa ga ƙanwata Jaratu, a Briketeri, Yawunde.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mutanen gida da maƙwabta. Mu nan alhamdu lillahi. Uwargidana Rabi ta sha fama da hawan jini bayan Mauludi, amma ta tashi, har ta koma yi mini faɗa a kan goro, kin ga kuwa sauƙi ya samu. Ni ma idona na hagu ya soma hazo. Likita ya ce a yi aiki, na ce ya dakata tukuna.

Ga dalilin takarda. Bana, ranar sha huɗu ga Shawwal, kakanmu Madugu Mijinyawa zai cika shekara hamsin da rasuwa. Na san abin da kuke yi duk shekara a zaurensa: a sauke Alƙur'ani, a fito da sandarsa da wagarsa, a raba farin goro, wani dattijo ya miƙe ya ba da labarin yadda ya taso da ayari daga Kano, ta Yola da Tibati, har ya sauke kaya inda kuke zaune yau, da rijiyar da ya haƙa wa unguwa. Allah ya saka muku. Amma mu 'yan ɗakin Kano, da ya bar kakarmu da goyo ya tafi bai waiwayo ba, ba mu taɓa sa hannu a komai ba. Kabari na wajenku, zaure na wajenku, mu sai dai fatake su kawo mana labari. Wannan abu yana ci mini rai, ba tun yau ba.

To bana na yi niyya. An gaya mini ku can ba a taro sai da atamfar taro, 'yan coci da tasu, 'yan makaranta da tasu, kowa da hoton nasa a ƙirji. Ni kuwa tun ina saurayi nake cikin kasuwar Kwari, in ban iya komai ba na iya atamfa. Ina da hoton nan guda na Madugu da wani Bature ya ɗauka, da rawani da gemunsa. Zan sa a buga shi a kan yadi mai kyau wanda ba ya zuba, a raba wa duk wata jika da tattaɓa kunne da matan unguwa. Kyauta ne, ba na neman komai wajen kowa. Ke dai ki shirya tukwane.

Sai kuma ɗanki Shamsuddin. Na ji an sako shi tun shekarar da ta wuce waccan, ban rubuto barka ba, ki yafe. Har yau ban gane abin da yaron nan ya yi aka tsare shi shekaru haka ba, ke ma ba ki taɓa faɗa ba. Ki gaishe shi, ki ce kawunsa ya ce shi zai riƙe sandar Madugu bana.

Yayanki,
Tahiru

*

Briketeri, Yawunde
Tsakiyar Janviye, 1993

Yaya Tahiru,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na ga alamar an buɗe ta an sake liƙewa, amma ba abin mamaki ba ne a nan. Ka gaida Yaya Rabi, Allah ya ƙara sauƙi. Ido kuwa ba abin wasa ba ne, ka je a yi maka aikin. Ni gwiwoyi ne, in na durƙusa bakin tanda sai an ɗaga ni. Shamsuddin yana nan da tarinsa, sanyin safiya ba ya ƙaunarsa.

Gari sai addu'a. Kriz ɗin da ake ta faɗa, wato matsin tattalin arziki, ya shigo har cikin tukunya. An yanke albashin ma'aikata wannan watan, mutanen unguwar Cité Verte da ke tsayawa cin masa kafin su wuce ofis yanzu sai su ɗaga mini hannu daga nesa. Kowa fuska a ɗaure, kowa yana kallon bakin ɗan'uwansa.

Na gode da niyyarka, wallahi na gode, kuma ban taɓa cewa Madugu namu ne mu kaɗai ba. Amma ina roƙonka abu biyu. Kada ka buga komai a kan zane. Sannan bana a ɗaga ranar, a kai ta bayan Layya, ko kuwa ku yi saukar a nan Kano mu aiko muku da goro. Ba zan iya zuba maka dalili a takardar da ke bi ta gidan waya ba, don an ce har masu karanta ajami an ajiye. Ka dai ɗauki kalandar boko ka duba inda sha huɗu ga Shawwal ya faɗo bana. In ka duba, ka tambayi wanda ya san ƙasar nan.

Ka ce Shamsuddin ya riƙe sanda. Yaya, Shamsuddin ba a sake shi duka ba. Duk Litinin yana zuwa komisariya, wato ofishin 'yan sanda, ya sa hannu. Ba ya fita gari sai da izini. Ranar da suka sallame shi sun gaya masa in aka sake jin sunansa a wata magana, ba za a yi masa gargaɗi ba. Shi kaɗai ya rage mini namiji, kuma ba ni da ƙarfin da zan sake bin ƙofofin gidan yari da kwanon abinci. Ina jin tsoro, na faɗa maka a fili.

Madugu ya yi haƙurin shekara hamsin a kwance, zai iya ƙara wata biyu. Ka amsa mini da wuri, ka ce ka fasa.

Ƙanwarka,
Jaratu

*

Fagge, Kano
Tsakiyar Sha'aban, 1413

Jaratu,

Bayan sallama, muna lafiya, ina fata ku ma haka. Allah ya sawwaƙe gwiwa, ya yaye wa yaro tari. Wahala kuwa ko'ina ce, mu ma nan nairar ta zama takardar tsire.

Na karanta takardarki har sau uku, na ba Rabi ta karanta, ita ma ta ce akwai magana a ƙasa. Na duba kalandar da kika ce. Shida ga Afrilu ne, ranar Talata. To sai me? Ranar aiki ce, na gane, 'yan ofis ba za su samu zuwa da safe ba. Su zo da la'asar mana. Yaron ma ai Litinin kika ce yake zuwa sa hannu, ba Talata ba. Yaushe aka fara ɗaga ranar mutuwar mutum kamar ranar ɗaurin aure? Sauka ce da goro, ba taron jam'iyya ba. Wace hukuma ce za ta kama mutum don ya yi wa kakansa addu'a?

Kin ce in tambayi wanda ya san ƙasar, na kuwa tambaya. Kin san Na'Allah, ɗan ƙanwata Altine, telan nan da ya koma Yawunde, unguwar Nkomkana, shekara uku ke nan. Ya ce shi bai san wani abu game da ranar ba. Amma ya gaya mini wasu abubuwan da ke ba ki gaya mini ba. Ya ce zauren Madugu ya cika da matattun rediyoyi, wayoyi ko'ina, sandar tana jingine bayan ƙofa kamar muciya. Ya ce bara saukar ba ta yi armashi ba, kuma Shamsuddin bai zauna cikin mutane ba, yana gefe yana kallon masu shigowa ɗaya ɗaya. Ya ce ana raɗe-raɗin ya fito da sabon ra'ayi, irin na masu cewa duk wannan bidi'a ce.

Ki gaya mini gaskiya, Jaratu. Yaron ne ya juya ki, kike kunyar faɗa? Ko kuwa don mun ce za mu sa hannu ne abin ya zama ba daɗi? Shekara da shekaru kuna yi ba a taɓa ɗagawa ba, sai da 'yan Kano suka ce ga su. Na lura da wannan. Ban ce kin yi ƙarya ba, amma mutum ba ya cewa yana da dalili sannan ya ɓoye shi a aljihu.

Na riga na kai hoto ma'aikata, sun fitar da zanen gwaji, ya yi kyau har Rabi ta yi hawaye. Zan dakata da bugu zuwa farkon azumi. In kina da magana ta gaske, ki faɗe ta yadda mai hankali zai gane. In ban ji ba, zan san abin da na sani.

Tahiru

*

Briketeri
Daren azumi na biyu da aka sha ruwa, Fevriye

Yaya Tahiru,

Barka da shan ruwa. Muna nan yadda ka sani. Wannan takardar ba ta gidan waya ba ce, Hajiya Kulsum mai fataucin turare za ta kawo maka hannu da hannu, ta ce Kano za ta yi Sallah. A cikin ɗankwalinta za ta ɗaure ta. Don haka bari in buɗe baki, tunda ka ce ba ka jin magana sai an yi maka dalla-dalla.

Ranar shida ga Avril, shekarar tamanin da huɗu, wasu sojoji suka tashi za su kifar da gwamnati a garin nan. Yawancinsu 'yan arewa ne. Mun kwana mun wuni ƙarƙashin gado muna jin harbi. Abin bai yiwu ba, kuma da ƙura ta lafa sai aka shiga kwasar mutanenmu, mai laifi da wanda ya gaisa da mai laifi. Shamsuddin lokacin yana koyon gyaran babur a wani gareji inda wasu daga cikin sojojin ke kawo nasu. Wani ya ce ya gan shi yana shan shayi da su. Shi ke nan laifinsa. Ya tafi da haƙoransa cif, ya dawo gefe guda babu.

Tun daga nan, duk shida ga Avril unguwar nan takan yi tsit. Motar 'yan sanda takan tsaya a bakin hanya tun asuba. Ko suna ya faɗo ranar, a ɗaki ake raɗa wa jariri a tashi. Ranar Madugu kuwa da wata muke lissafinta, kowace shekara tana matsowa baya a kalandarsu, bana ta zo ta zauna daidai kan wannan rana. Yanzu ka duba da idon ɗan sanda: 'yan arewa sun cika gidan wanda aka ɗaure kan maganar, a ranar maganar, kowa da zane iri ɗaya da hoton mai rawani. Wa zai tsaya jin labarin goro da rijiya?

Maganar rediyo gaskiya ce. Da su yake ci, don ba mai ɗaukar tsohon fursuna aiki. Sandar kuwa ni nake shafa mata man shanu da hannuna, bayan ƙofa take don kada yara su hau ta doki. Ba ya zama cikin taro don in mutane suka kewaye shi numfashinsa ɗaukewa yake. Ba wani ra'ayi da ya fito da shi sai tsoro.

Na'Allah kuwa jiya jiya ya zo ƙasar nan, me ya sani? Ban gaya masa komai ba, kuma ba zan gaya masa ba. Shi ke ɗinka wa wasu 'yan sanda kaki, suna zama shagonsa, bakinsa yana tafiya tare da keken. Ban san ko wauta ce ko aiki aka ba shi ba. Abin da na sani, ya shiga zaurena ya sha ruwa, ya fita ya kai rahotona har Kano. Kada ka nuna masa wannan.

Ka ji mini rai, Yaya. Ka zo da kanka bayan Layya, ka zauna a kan buzun Madugu, kai za ka raba goron. In kana son sandar ma ka tafi da ita Kano, na ba ka. Ka bar mini ɗana kawai.

Jaratu

*

Fagge, Kano
Tsakiyar Ramadan, 1413

Jaratu,

Barka da azumi. Muna lafiya, sai zafi. Ban san halin da kuke ciki ba tunda ba a ga damar sanar da ni ba.

Na jira farkon azumi, na ƙara da kwanaki don kada a ce na yi gaggawa. Kullum sai na aika gidan waya, akwati wayam. Na yi miki tambaya a fili, kin amsa da shiru, shirun kuwa na gane shi. Ba komai. Ba zan yi faɗa da ke cikin watan nan ba, amma ba zan bar kakana ya cika hamsin a bayan ƙofa ba.

An buga atamfa, kuma ta tafi. Koriya ce mai duhu, hoton Madugu a tsakiya cikin da'ira, ganyen goro kewaye da shi. Sunansa na sa an rubuta da ajami, yadda shi da kansa zai iya karantawa. A ƙasa kuma, tunda kin nuna mini ku can da kalandar boko kuke aiki, na sa an rubuta ranar da Faransanci, manyan baƙaƙe, don kada wani ya ce ya manta ko ya ruɗe. Wani maƙwabcina ɗan Damagaram ya rubuta mini yadda ake rubutawa: 6 AVRIL. Kin ga ko a nan na bi maganarki.

Ban aiko ta gidanki ba, don ba na son ta ƙare a ƙarƙashin rediyoyi. Wajen Na'Allah dilolin za su sauka. Na ce ya raba kafin Sallah don teloli su samu lokaci, ya bi gida gida, Nkomkana da Elig-Edzoa da nan unguwarku, kuma kada ya tsaya neman izinin kowa. In kin buɗe zaure ranar, alhamdu lillahi. In kin rufe, za su yi saukar a ƙofar gida, a titi, kowa ya gani.

Na ce ya ware miki turmi guda, da yadin riga na Shamsuddin. Ko ba ku sa ba, haƙƙinku ne. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye miki ba. Na ɗauka in na miƙo hannu daga Kano za a kama.

Tahiru

*

Briketeri
Avril

Yaya,

Ba ni da gaisuwa mai tsawo. Ina da rai. Wani direban babbar mota zai kawo maka wannan. An tafi da Shamsuddin.

Takardarka ta ƙarshe sai bayan Sallah ta zo, atamfarka ta riga ta. Na'Allah ya bi umarninka sarai, ya raba ko'ina ya tsallake layinmu. Ka san shekarar da ake ciki, gidaje da yawa ba a yi wa kowa ɗinkin Sallah ba. Ga zane sabo kyauta, wa zai ajiye shi sai wata rana? Waɗanda suka iya karatun Faransanci suna buɗewa suka tura ƙarƙashin katifa, ba wanda ya ce wa wani uffan, don kowa yana zargin tarko ne. Tsofaffi da baƙin da suka zo daga baya kuwa suka kai wa tela.

Ranar Sallah ina dawowa daga idi na ga wata tsohuwa a gabana, fuskar kakana a bayanta, da ranar nan a ƙasa ɓaro-ɓaro. Na ɗaga kai na ga wata matar da shi, na ga wata kuma da 'ya'yanta uku. A bakin kwata na zauna da kayan Sallata.

Na tafi Nkomkana wajen Na'Allah. Da farko dariya ya yi, ya ce kishi ne. Da na gaya masa abin da ranar take nufi, sai ya sauka daga kan keke ya zauna a ƙasa. Washegari shagonsa da kwaɗo, an ce ya yi Duwala. Har yanzu ban san ko tsoro ne ya kore shi ko ya gama aikin da aka sa shi ba.

Na ce wa Shamsuddin ya kwanta a ɗaki kada ya ko leƙa waje. Ya ce, “Inna, in ba a tattara zanen nan ba, ranar Talata matan nan za a kwasa, kuma ba su san komai ba. Ni na san wurin, su ba su sani ba.” Na riƙe rigarsa, ya cire hannuna a hankali.

Ya bi gidaje yana roƙo. Wasu suka rufe masa ƙofa. Wata ta ce masa, “Wa ya aiko ka ka ƙirga mu?” don akwai masu cewa duk wanda aka sako, da kunne aka sako shi. Wasu suka ce uwarsa ce ke son ta sayar. Sai na buɗe akwatina, zannuwan aurena da na Makka da duk abin da na tara, yana ba su nawa suna ba shi naka. Haka ya cika buhu. Ranar Asabar da rana ya ɗauko na Nkomkana a ka zai kawo mu ƙone a murhun masa. A kwanar Cité Verte aka tare shi aka ce ya sauke. Suka kwance buhu, ga tsohon fursunan shida ga Avril da shida ga Avril cike da buhu.

Na je komisariya. Babbansu ya shimfiɗa zanen a kan tebur ya tambaye ni wane ne mai rawanin. Na ce kakana ne, ɗan kasuwar goro, ya mutu tun kafin a haife ka. Ya ce me aka rubuta da Larabci. Na ce sunansa. Ya ce to ranar fa? Na yi masa bayanin wata, yadda yake matsowa, na ga ba ya ko saurare. Ya ce labarin ya yi daɗi, amma zane ba ya buga kansa, kuma daga ƙasar waje ya shigo. Ya ce in kawo wanda ya buga ya faɗa da bakinsa, in ba haka ba shi wanda ya kama da kaya ya sani. An ce ƙarshen wata za a mayar da shi gidan yarin da ya fito.

Ranar Talata ba a yi sauka ba. Ba wanda ya zo, ni ma ban buɗe zaure ba.

Yanzu tambaya ɗaya nake maka, ka amsa don Allah. Na aiko maka da takarda ta hannun Hajiya Kulsum tun farkon azumi, na faɗa maka komai, har sandar na ce na ba ka. Ka ce shiru na yi. Ba ta zo ba ne, ko ta zo ka karanta ka ce ƙarya nake? Na kwana ina juya wannan. Wani lokaci in ce Yaya ba zai yi haka ba, wani lokaci in tuna ban taɓa ganinka ba sai sau ɗaya, muna yara. Ban san ka ba, Yaya. Ban san abin da ɗakin Kano ya riƙe a ciki shekara hamsin ba.

Ba na son haƙuri, ba na son aike. Mutumin ya ce a kawo wanda ya buga.

Jaratu

*

Tashar jirgin ƙasa, Ngaundere
Ƙarshen Shawwal, 1413

Ƙanwata Jaratu,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, hanya ce dai ta karya ni. Wani mai shanu da zai riga ni isa da mota zai kawo miki wannan, ni jirgin sai gobe aka ce, in ya ga dama.

Takardunki biyu rana ɗaya suka same ni, ta direba da safe, ta Hajiya Kulsum da yamma. 'Yarta ce ta haihu a Yola da wahala, ta zauna jinya har bayan Sallah, takardar tana ɗaure a ɗankwali. Da ta ji abin da ya faru ta zauna a tsakar gidana tana kuka. Ta ce za ta dafa Alƙur'ani, amma na san in na ce miki haka za ki iya cewa na saye ta, kuma ba zan ga laifinki ba. Ba ni da wata shaida da za ta gamsar da ke daga nesa. Shi ya sa na taso.

Ɗakin Kano bai riƙe komai ba sai son a ce da mu. Na karanta tsoronki na ce makirci ne, na ɗauki maganar tela na bar taki.

Rabi ta kama ƙafata ta ce in na shiga ba zan fito ba, baƙo ne ni, kuma ni na buga. 'Ya'yana sun ce in aika lauya. Ba zan yi miki ƙarya ba, tsoro nake ji. Ban iya Faransanci ba, ban taɓa kwana a hannun hukuma ba ko a ƙasarmu. Na taho da hoton na asali da kalanda mai wata da boko a shafi ɗaya, da ta bara, 'yan sandan su ga yadda ranar ke tafiya. In sun duba, to. In ba su duba ba, ai sun ce wanda ya buga suke so, ga shi.

Ba zan sauka gidanki ba, kada a ga na shiga a ce mun haɗa baki. Daga tasha ofishin 'yan sandan zan wuce kai tsaye. Ki samo mini dattijo ɗaya mai jin Faransanci wanda ke kika yarda da shi, ya jira ni a bakin ƙofarsu. Ke kada ki zo.

Abu ɗaya ya dame ni a hanyar nan. Ban san fuskar yaron ba, shi ma bai san tawa ba. In Allah ya sa suka fito da shi suka shigar da ni, ki gaya masa dogon tsohon nan mai farar hula da ya wuce shi a bakin ƙofa, kawunsa ne.

Yayanki,
Tahiru